Zama Da Amosanin Ka Da Na Fuska: Nasiha Ga 'Yan'uwana Malamai

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na reshenmu



 Da kwamitin walwala ya nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi lafiyar malami, wasu sun zaci zan ɗauko hawan jini, ko ciwon suga, ko dishewar murya da ke addabar duk mai sana'ar alli. Sai na zaɓi abin da ake ganin bai kai a tara mutane dominsa ba, wato amosani, musamman irin wanda ba ya tsayawa a ka, sai ya gangaro gira da gefen hanci da gemu da bayan kunne, ya tafi ya dawo, shekara da shekaru.

Ni ba likita ba ne. Malamin firamare ne kamar yawancinku, iyakar karatuna kwalejin ilimi. Amma shekara 16 ke nan ina zaune da wannan larura, kuma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin likitocin fata da na gani, da abin da na karanta, da abin da jikina ya nuna mini.

Me ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da wasu ma'aikata? Domin fuskar malami tana cikin kayan aikinsa. Akawu yana iya sunkuyar da kai a kan takarda tun safe har la'asar, amma malami tsayawa yake yi a gaban yara 60 ko 70, idanunsu duka a kansa, kuma yaro ba ya raina abin kallo. Idan farin gari ya zubo a kafaɗar riga, sun gani. Idan gefen hanci ya yi fari-fari, sun gani, kuma kafin a tashi tara labari ya kai aji na gaba. Na san malamin da ya daina sa baƙar riga, na san malamar da ta roƙi a cire ta daga jagorancin taron safe, duk saboda wannan. Kunyar ce kuma take tura mutane ga magungunan da ɓarnarsu ta fi ta ciwon.

Saƙona a yau guda ɗaya ne. Wannan larura ba ta da maganin da za a sha sau ɗaya a rabu da ita har abada, amma tana da sauƙin lallaɓawa ga wanda ya san halinta, ya kuma riƙe ƙa'ida. Mafi yawan fuskokin da suka lalace, neman warakar dare ɗaya ne ya lalata su.

Bari mu fara da sanin abin da muke fama da shi. A cikin fatar ɗan Adam akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo, wanda ke hana fata bushewa. Sun fi yawa a ka, da goshi, da gira, da gefen hanci, da kunne, da tsakiyar ƙirji, da tsakanin kafaɗu. A waɗannan wurare ne wata ƙwayar halitta, dangin yis da funfuna, take zaune. Sunanta Malasiziya, an sa mata sunan wani masani Bafaranshe, Malassez, wanda ya bayyana ta a 1874. Tana kan fatar kusan kowane baligi, da mai amosani da marar shi. Ba ta iya ƙera wa kanta kitsen da take bukata, saboda haka da maiƙon jikinmu take rayuwa. Idan ta ci, takan bar saura, kuma fatar wasu mutane ba ta jure wannan saura. Sai ta harzuƙa, ta yi ƙaiƙayi, ta fara saɓa da gaggawa.

A al'ada fata takan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta samanta, kuma abin da ke zubewa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A wurin mai amosani wannan aiki na wata guda a 'yan kwanaki yake faruwa, sai saɓar ta dunƙule da maiƙo ta fito kamar dusa, wani lokaci fara busasshiya, wani lokaci rawaya-rawaya mai danƙo. Idan abin ya tsaya a ka, babu kumburi, shi ne amosanin da kowa ya sani, wanda kusan rabin manya kan yi a wani lokaci na rayuwarsu. Idan ya haɗa da kumburi da raɗaɗi ya kuma sauko fuska, shi ne likitoci ke kira seboriya, wanda wani likitan fata Bajamushe, Paul Unna, ya siffanta a 1887. Ashe tsohon ciwo ne, an daɗe da saninsa.

Sinadaran balaga ne ke tayar da jakunkunan maiƙon nan. Shi ya sa ciwon yakan fara bayan balaga, ya fi kuma yawa ga maza. Jarirai ma sukan yi irinsa a watannin farko, ɓawo mai maiƙo a tsakar ka, wanda yakan tafi da kansa kafin su cika shekara. Ku riƙe wannan batu na shekaru, zan dawo kansa idan na zo maganar ɗalibanmu.

Daga wannan bayani abubuwa biyu sun fito fili. Na farko, amosani ba shaidar ƙazanta ba ne. Mai wanka sau uku a rana yana iya yinsa, wanda ruwa bai dame shi ba ya tsira. Na biyu, ba a ɗaukarsa. Wanda ya gaisa da mai shi, ko ya zauna kusa da shi a ofishin malamai, ko ya yi alwala da butarsa, babu abin da zai same shi, tunda ƙwayar tana jikinsa tun da can. Bambancin yana ga yadda fatar kowa ke karɓarta.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu masu baƙar fata. A jikin Bature wurin ja yake yi. A jikinmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi haske, ya fi sauran fuska fari, musamman gefen hanci da bakin gashin goshi da tsakanin gira, wani lokaci kuma ya yi duhu. Wannan hasken ne ke tayar wa mutane hankali, wani ya ce kyasbi ne, wani ya ce albaras, wani ya fara tunanin kuturta ko jifa. Ku kwantar da hankali: idan kumburin ya lafa launin yana komowa, sai dai yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Kyasbi ɗan'uwansa ne, domin dangin ƙwaya ɗaya ke kawo su, amma shi ya fi kama ƙirji da baya da wuya. Tabon da ya kamata a gaggauta kai wa asibiti shi ne wanda ya yi haske kuma ba a jin taɓi ko tsini a kansa, domin wannan yana cikin alamomin kuturta, ita kuwa tana warkewa sarai, maganinta ma kyauta ake bayarwa.

Mene ne ke tayar da shi bayan ya kwanta? Babban abokinsa shi ne hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta bushe, sanyi ya sa aka rage wanke kai aka koma ga ruwa mai zafi ƙwarai, nan yake samun yadda yake so. Abokinsa na biyu gajiya ce da damuwa da ƙarancin barci. Duk mai wannan ciwo a cikinmu ya duba ya gani, zai tarar yakan tsananta a makon jarrabawa da cike sakamako, ko lokacin da wata ya yi nisa aljihu ya bushe. Rashin lafiya ma yana tayar da shi. Haka sabulu mai kaifi, irin na soda da na wanki, da man da ke da turare mai ƙarfi, da yawan susa da farce ko bakin mataji. Ƙurar alli da gumin da ya kwana a ƙarƙashin hula ba su ne tushen ciwon ba, amma suna ƙara wa fatar da ta riga ta harzuƙa ƙaiƙayi.

Yanzu ga tarko na farko, wanda hankali ma yake goyon bayansa. Mutum ya ga fatarsa tana saɓa, sai ya ce bushewa ce, maganin bushewa kuwa mai. Sai ya kawo man zaitun, ko man shanu, ko man kaɗe, ya cika fatar kai da gefen hanci. Nan take dusar ta kwanta, wurin ya yi sheƙi, ya ce an dace. Alhali man bai cire ta ba, manne ta ya yi, kuma irin waɗannan mayuka suna ɗauke da kitsen da ƙwayar ke ci. Bayan kwana biyu sai ƙaiƙayi ya ƙaru, a ƙara mai, a yi ta zagaye. Man kaɗe da man zaitun suna da amfaninsu ga ƙafa da hannu da tsawon gashi. Fatar kan mai amosani da gefen hancinsa ne ba wurinsu ba.

Tarko na biyu ya fi muni, kuma dominsa na karɓi wannan magana. A kyamis da kasuwa, har da tashar mota, ana sayar da wasu kirim da ake yi wa kirari da mai aiki uku ko mai aiki huɗu, akwai kuma wanda ake haɗawa a zuba a robar da ba ta da suna. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, kamar kilobetasol ko betametazon. Aikin sitiroyid shi ne danne kumburi, kuma yana yinsa da sauri. Cikin kwana uku ƙaiƙayi ya tsaya, fuska ta yi sumul. Amma da an daina sai ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, mutum ya koma ya sake saye. Haka wata ɗaya ke zama shekara.

A tsawon wannan lokaci fatar fuska, wadda dama ba ta da kauri, tana ƙara sirancewa. Jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso a goshi da kewayen baki, fuska ta yi fari wuya da kunne su tsaya baƙi, rana ta riƙa ƙona ta, daga baya wasu wurare su yi duhun da ke da wuyar gogewa. Mata kan samu gashi ya tsiro inda ba a so. Idan ana shafawa kusa da ido yana iya kawo hawan jinin ido ko yana. A nan karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta daina zama misali, ta zama labari. Sai kuma a zo ofishin malamai a ce wance ta fara shafe-shafen bilicin, alhali baiwar Allah magani ta je nema. Wanda ya riga ya daɗe a kan irin wannan kirim, shawarata ya je wurin likita a tsara masa yadda zai janye a hankali, domin yankewa farat ɗaya takan sa fuska ta yi bore, shi kuma ya karaya ya koma.

To, mece ce hanyar da ta dace? Tana da mataki biyu, kwantarwa da tsarewa, kuma a mataki na biyu ne yawancin mutane ke faɗuwa.

A matakin kwantarwa ana amfani da shamfu mai magani. Mafi shahara shi ne mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, irin su Nizoral, da mai seleniyam salfaid, irin su Selsun. Akwai kuma masu zink piritiyon, da masu kwalta, da masu sinadarin salisilik da ke ɓamɓare ɓawo mai kauri. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a biya kuɗi. Yadda ake amfani da shi ya fi sunansa muhimmanci. A jiƙa kai, a shafa shi a kan fata da tafin yatsu, ba da farce ba, sannan a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin a wanke. Wanda ya shafa ya ɗauraye nan take, kuɗinsa ya zubar a rariya. A yi haka sau 2 a mako, har mako 2 zuwa 4. Mai seleniyam yana bukatar ɗauraya sosai, domin yana iya sauya launin furfura ko gashin da aka rina, kuma ba a sa shi a kan rauni.

Ga fuska, a wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar kaifi, a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba. Ana iya gangaro da kumfar shamfun ketokonazol zuwa gira da gefen hanci da gemu da bayan kunne, a kiyaye ido. Akwai kuma kirim na ketokonazol ko na kulotirimazol zalla, wanda ba a gauraya shi da komai ba, ana shafa shi sau ɗaya ko biyu a rana na makonni 2 zuwa 4. Idan kumburi da raɗaɗi sun yi yawa, likita kan ƙara da haidirokotizon kashi 1 cikin 100, wanda shi ne mai sauƙi a dangin sitiroyid, na 'yan kwanaki, kada ya wuce mako ɗaya ko biyu a fuska. Ga wanda ciwon ke yawan dawo masa, akwai mayukan da ba sitiroyid ba ne, kamar takurolimus, amma wannan sai da rubutun likita. Mu da muke wanke fuska sau da yawa a rana domin alwala, a lokacin hunturu yana da kyau mu tsane ruwan a hankali, mu bi da ɗan man shafawa marar nauyi, marar turare, kaɗan kawai.

Gargaɗi ɗaya a nan. Ketokonazol na shafawa da na wanke kai daban, na haɗiya daban. Ƙwayarsa ta sha tana iya yi wa hanta mummunar illa, har a 2013 hukumomin kula da magunguna na Turai da Amurka suka taƙaita amfani da ita ƙwarai. Kada wani ya ba ku ita a kan teburin kyamis domin amosani. Mai juna biyu da mai shayarwa kuma su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su fara kowane magani.

Matakin tsarewa shi ne a ci gaba da wanke kai da shamfun sau ɗaya a mako, ko sau ɗaya a mako biyu, ko da babu ko ƙwayar dusa. Dalili a fili yake. Maganin rage yawan ƙwayar yake yi, ba ya ƙarar da ita, jiki kuma bai daina fitar da maiƙo ba. Manomi ya san haka: noman fari ba ya hana ciyawa dawowa, sai an yi maimai. Mu ma mun sani a aji, yaron da ya iya jadawalin sau a zangon farko, idan aka bar bita, zango na uku sai a tarar babu. Ni safiyar Asabar na ware wa wannan aiki, kuma tun a Oktoba, kafin iskar hunturu ta kaɗa, nake mayar da shi sau biyu a mako, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan shamfu ɗaya ya daina yi wa mutum aiki, ya sauya zuwa mai wani sinadarin, ko ya riƙa yi musu karɓa-karɓa. Ta fuskar kuɗi ma, kwalba ɗaya da ake ɗiba kaɗan-kaɗan sau ɗaya a mako tana daɗewa, kuma ta fi arha a kan gyaran fuskar da ta lalace.

'Yan'uwana mata, na san wannan tsari yana da wuya ga mai kitso, kuma da na tattauna da wasunku kun nuna mini haka. Kitso yakan yi mako biyu ko uku, shamfun magani kuma yana busar da gashi har ya riƙa karyewa. Ga dabarun da ke taimakawa. A makonnin kwantarwa a yi kitso manya, marasa ɗaurewa, waɗanda za a iya wanke kai da su ko a tsefe cikin sauƙi. A sa maganin a tsagar kitso, a kan fata, ba a tsawon gashi ba. Bayan an ɗauraye a shafa man laushi a gashin kawai. A tabbata kai ya bushe sarai kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi, domin danshi da ɗumi a rufe suna ƙara ƙaiƙayi. Hular ciki ta zama ta auduga, a riƙa sauya ta. Kada a sa rilaksa ko rini a kan fatar da ke da kumburi ko rauni. Sau ɗaya a mako da aka dawwama a kai ya fi sau biyu da za a yi wata guda a watsar.

'Yan'uwana maza, namu shi ne hula da gemu. Hular da aka shekara ana sawa ba a wanke ba ta tara maiƙo da gumi, sai a samu biyu ko uku ana juyawa, a kuma cire ta a gida kai ya sha iska. Gemu da saje da gashin baki maɓoyar ciwon ne, don haka a riƙa kai kumfar maganin har fatar da ke ƙarƙashinsu, a bar ta mintunan da aka ce. Rage tsawon gashi yana sauƙaƙa wa magani isa fata, amma aske kai ƙwal da reza a lokacin da yake kumbure ƙarin rauni ne.

Yaushe ne ya zama dole a ga likita? Idan an bi ƙa'ida mako 4 babu sauƙi. Idan wurin ya fara ruwa, ko mugunya, ko zafi. Idan gashi yana zubewa wuri-wuri. Idan bakin fatar ido ya kumbura yana ɓawo. Idan ɓawon ya yi kauri, ya kuma bayyana a gwiwar hannu da ta ƙafa, domin akwai wani ciwon fata mai suna soriyasis da ke kama da shi. Haka nan idan ciwon ya taso farat ɗaya da tsanani ya bazu a jiki, likita kan so ya duba ko akwai abin da ya raunana garkuwar jiki, kamar ƙanjamau, an kuma san yana yawaita ga masu ciwon karkarwa na Fakinsan. Na faɗi wannan ne domin mai ciwon ya kula da kansa, kada wani ya mayar da shi ma'aunin zargin abokin aikinsa. Mafi yawan masu amosani lafiyarsu ƙalau. Akwai sashen fata a manyan asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma babban asibitin da ke kusa yana iya tura mutum can.

Na yi alkawarin dawowa kan ɗalibanmu. Na ce wannan ciwo na jarirai ne da waɗanda suka balaga. Tsakanin yaye da balaga jakunkunan maiƙo a kwance suke, saboda haka ba kasafai yaron firamare ke yin seboriya ba. Idan kuka ga yaro ɗan aji biyu ko uku da farin ɓawo a ka, musamman idan ya yi da'ira, gashin wurin ya karye ko ya zube, ko ƙululu ya fito a ƙeyarsa, to ku fara zaton ƙora. Kama da wane ba ta wane. Ƙora ana ɗaukarta, ta aska da kilifar mai aski, da mataji, da hula, da tawul, da matashin kai, da haɗa kai wurin wasa. Kuma tana shiga cikin silin gashi, inda shamfu da kirim ba sa kaiwa, don haka sai an sha magani, irin su giriseyofulbin, na mako 6 zuwa 8 bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Idan aka yi sakaci takan kumbura ta yi mugunya, ta bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa ba. Idan kuma aka shafa mata kirim mai sitiroyid, ɓoye kamanninta yake yi alhali tana ƙara yaɗuwa.

Aikinmu a nan shi ne mu lura a lokacin duba tsafta, mu kira uba ko uwa a gefe, mu ba su shawarar zuwa asibiti, mu ce a duba 'yan'uwan yaron a gida, kowa ya riƙe matajinsa, a kuma tsaftace kayan aski. Yaron da ya fara shan magani ba sai an hana shi zuwa makaranta ba. Kada a fito da shi gaban taron safe a matsayin misalin ƙazanta, kada a bari 'yan aji su laƙa masa suna. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yana tunanin ko an ga kafaɗarsa, ya san abin da wannan yaro yake ji, kuma shi yaro ba shi da girman da zai kare kansa da shi.

A tsakaninmu ma akwai gyara. Wasa da dariya a ofishin malamai suna rage gajiya, amma ba kowane abu ne ake wasa da shi ba. Idan ka ga fuskar ɗan'uwanka ta sauya, ko dai ka yi shiru, ko ka ja shi gefe ka tambaye shi cikin mutunci. Kada kuma mu riƙa miƙa wa juna ragowar kirim da cewa wannan ya yi wa ƙanwata aiki. Ina roƙon shugabannin reshe, idan hali ya yi, a gayyato ma'aikacin lafiya da ya san fata a ɗaya daga cikin tarukanmu kafin hunturu, ya duba masu bukata, ya kuma nuna mana yadda ake gane ƙora a kan yara.

Ga wanda ke fama da wannan larura a cikinmu, ko ya faɗa ko ya ɓoye, ina ce masa: ciwon zai kwanta, zai kuma sake tasowa wata rana, kuma tasowarsa ba ta nufin magani ya gaza. Idan ya taso a koma matakin kwantarwa, idan ya kwanta a riƙe na tsarewa. A nemi barci gwargwadon hali, a yanke farce, a karanta abin da ke rubuce a jikin kwali kafin a kai shi fuska. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya riƙe wannan zai shiga ajinsa hankalinsa na kan darasi, kuma abin da yaranmu ke bukata daga gare mu ke nan.

 Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a cikin aikinmu da yaran da aka ba mu amana.